Gurbi a ƙungiya daban, kuɗin karatu daban

Matasa da yawa sun ɗauka da zarar kocin wata jami'a a Amurka ya yaba da wasansu, karatu ya zama kyauta. Ba haka ba ne. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i a Amurka, ta kasa jami'o'inta rukuni 3, kuma na ukun ba ya ba da ko sisin kwabo saboda wasa. A sauran biyun ma koci kan gutsuttsura kuɗin tallafin karatun, wani ya samu rabi, wani kwata. Ba a ware wa 'yan ƙasashen waje kaso ba, ɗan Kano da ɗan Shikago a tukunya ɗaya suke ɗiba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaron da ya yi watsi da WAEC, alhali a waɗannan rukunan biyu sai an tantance sakamakonsa kafin ya taka fili.