Ku daina cewa nas-nas ba su da imani

Samarin garinmu dan Allah ku zo mu yi magana. Jiya a majalisa na ji wani yana ta zuba wai nas-nas zuciyarsu dutse ce, wai babansu ya cika a ICU, ɗakin waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, a Kano amma sista ko ɗigon hawaye babu, sai ma ta kalli agogo ta hau rubutu. Allah Ya jiƙan baba, amma ɗan'uwa kallon agogon nan aikinta ne fa, dole a rubuta lokacin da rai ya yi halinsa.

Yayata nas ce, a irin ɗakin nan take aiki, kuma wlh na ga abin da ku ba kwa gani. Mutumin da ta kwana bakwai tana juya shi kar bayansa ya yi gyambo, tana goge masa baki, tana zuƙe masa majina, in ya rasu ita za ta cire robobin nan da aka saka masa a jiki, ta rufe masa ido ta ja mayafi, kafin ta juyo na gadon kusa oksijin ɗinsa ya yi ƙasa na'ura na ta ƙara, to a ina za ta zauna ta yi kukan? Ku kuna da zaman makoki kwana uku ana zuwa ana ce muku ya haƙuri, ita wa ya taɓa yi mata gaisuwa?

Ranar da ta zo gida nan wajen Ringim, Inna ta ajiye mata tuwon dawa da miyar kuka har ya huce ba ta taɓa ba, ashe wata mai jego ce ta rasu a hannunta ta bar jariri. Ta ce su dai in an tashi dutin dare sai su haɗu a sha shayi kowa ta amayar da abin da ke cinta, wata ta yi alwala ta yi nafila, wata kuma sai ta shiga banɗaki ta kulle tukunna.

Ku kuma ƙannena da ke makarantar nas, kar wani ya ruɗe ku wai jarumta ce haɗiye abu, shi ke kawo rashin bacci da faɗa da 'yan jinya ba dalili. Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. In abin ya yi nauyi ku samu matron, wato shugabar nas-nas, ko wata babba ku faɗa mata.

Daren nan dai da yayata ta kasa cin tuwon, Inna ba ta yi mata wa'azi ba, cewa kawai ta yi “yi kukanki 'yar nan”, ta ɗumama mata tuwon.