Kirari ba ya jan tarago: daga Leeds ina hango Kano

Ranar da na fara tunanin rubuta wannan, ina tsaye ne a tashar bas a unguwar Harehills da ke birnin Leeds, ƙarfe shida na safe, sanyi yana ratsa safar hannu har cikin ƙashi. Allon tashar ya nuna saura minti huɗu bas ta iso. Ya koma uku, ya koma biyu, sai lambar ta ɓace gaba ɗaya, bas kuwa ko ƙurarta. Mutanen nan har suna suka raɗa wa irin wannan, wai bas ɗin fatalwa. Wata dattijuwa da muke yawan haɗuwa a wurin ta girgiza kai ta ce mini, “Ɗana, da a Landan ne wannan ya faru da tuni an kira minista gaban majalisa. Mu nan ba a san da mu ba.”

Maganarta ta tsaya mini a rai, don na sha jin irinta a Kano, kalma ɗaya kawai ake canzawa: inda ta ce Landan, mu Legas muke cewa.

Kukan mutanen arewacin Ingila ba na banza ba ne, kuma ba zan raina shi ba. A watan Mayun 2022 aka buɗe layin dogo na Elizabeth wanda ya ratsa Landan daga gabas zuwa yamma, bayan ya lashe kusan fam biliyan 19. Na shige shi sau biyu, taragun kamar ɗakin amarya. A nan arewa kuwa, har wajajen 2020 mutane suna hawa wasu tsofaffin jirage da ake kira Pacer, waɗanda asalinsu gangar jikin bas ce aka ɗora a kan ƙafafun jirgi tun shekarun 1980. An yi wa Leeds alkawarin jirgi mai gudun tsiya na HS2, aka soke reshenta a Nuwamban 2021. A Oktoban 2023 kuma firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya tsaya a cikin Manchester, a taron jam'iyyarsa, ya sanar da cewa reshen Manchester ma an fasa. A gidan mutum aka zo aka gaya masa ba shi da rabo.

Dalilin da ya sa kuɗi ke gangarawa Landan kamar ruwa ya samu kwari ba boyayye ba ne. Baitulmalin ƙasar yana auna kowane aiki da ribar da zai dawo da ita: mutum nawa za su hau, minti nawa za a rage musu, darajar ƙasa nawa za ta ƙaru. Inda mutane suka fi cunkushewa, kuma albashi ya fi tsoka, nan lissafi zai fi kyau a takarda. Sai a yi aikin a can, sai ƙarin mutane da kamfanoni su kwarara can saboda sufuri ya yi sauƙi, sai lissafin aiki na gaba ya sake faɗawa can. Mai shi ake ƙara wa. Su kansu mahukunta sun amsa akwai gyara, shi ya sa suka sake duba ƙa'idar a 2020. Mutanen Landan kuma suna da tasu amsar: mu ne muke tara harajin da ake rabawa, mutum kusan miliyan tara ne a garin nan, kuma 'yan kasuwarmu sun biya wani kaso na layin Elizabeth daga aljihunsu. Duk wanda ya taɓa jin Bayarabe ɗan Legas yana magana a kan harajin kayayyaki da kuɗin tashar Apapa ya san wannan karatun.

Amma abin da ya buɗe mini ido ba Landan ba ce. Manchester ce, wadda ke nan kusa da mu, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgi idan Allah ya sa bai makara ba.

Leeds da Manchester kishiyoyi ne tun zamanin masaƙu, ɗaya da ulu, ɗaya da auduga, kuma gabar ta bi su har filin ƙwallo. Gwamnati ɗaya ce ta yi watsi da su biyun. A ƙidayar 2021 ƙaramar hukumar Leeds ta haura mutum dubu 800, ta Manchester dubu 550 da ɗoriya, kuma mutanen Leeds ba sa gajiya da faɗin haka. Sai dai Manchester tana da ƙaramin jirgi mai bin titi, tiram, tun 1992, yanzu tashoshinsa 99. Leeds ta cire nata tun 1959, kuma har yau ana kiranta birni mafi girma a yammacin Turai da ba shi da irin wannan sufuri. An yi yunƙuri: an kashe kusan fam miliyan 40 a kan shirin da aka kira Supertram, ministan sufuri Alistair Darling ya soke shi a 2005. Aka dawo da shirin bas mai jan wuta daga waya, shi ma aka ƙi amincewa da shi a 2016.

Darling ɗin dai shi ne ya dakatar da kuɗin faɗaɗa tiram ɗin Manchester a 2004. To me ya sa nasu ya tashi namu na Leeds ya kwanta? Ƙananan hukumomi goma da suka haɗu suka zama Babbar Manchester sun daɗe suna zama a tebur ɗaya tun 1986, ko da jam'iyyunsu sun bambanta. Da aka hana su kuɗi, murya ɗaya suka ɗaga har aka dawo da shi. A 2008 jama'a suka ƙi harajin shiga gari da mota a ƙuri'ar raba gardama, shugabannin ba su naɗe hannu ba, suka kafa asusun sufuri na kansu a 2009, suka zuba daga harajinsu, suka ci bashi, suka ci gaba da shimfiɗa layi. A Satumban 2023 magajin garinsu Andy Burnham ya fara dawo da bas-bas ƙarƙashin ikon hukuma, abin da babu wani yanki a Ingila wajen Landan da ya yi tun da aka sakar wa kamfanoni ragama a 1986. Yankinmu na Yorkshire ta Yamma bai samu zaɓaɓɓen magajin gari ba sai 2021, shekara huɗu bayan nasu. Yanzu ne wadda aka zaɓa ɗin, Tracy Brabin, ke bin sawun, da shirin tiram tsakanin Leeds da Bradford. Ina fata in hau shi da ƙafata.

Idan na juya na kalli gida, raina yana ɓaci, don mun fi kama da Leeds.

Mu mutanen Kano muna da lambar da muke taƙama da ita. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano kusan mutum miliyan 9.4, ta ba Legas miliyan tara da 'yan kai. Legas ta ce ba ta yarda ba, ta ce nata lissafin ya nuna miliyan 17 da rabi. Tun daga ranar ake wannan musun, kuma ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma ɗage ta aka yi. Su suna cewa ta yaya Kano za ta riƙe ƙananan hukumomi 44, Jigawa da aka cira daga cikinta a 1991 ta riƙe 27, su kuma 20 kacal? Mu muna cewa ku zo Kurna ko Rijiyar Lemo da yamma ku ƙirga da idonku. Musun ba na fatar baki ba ne, yawan jama'a da yawan ƙananan hukumomi suna shiga lissafin rabon arzikin ƙasa. Ni ma na yi wannan gardamar da abokan aikina 'yan kudu a ɗakin shan shayi har murya ta dushe, kuma ban janye ba: Kano cike take da mutane, tumbin giwa ce da gaske.

To amma mutanen nan da muke kirari da yawansu, da me suke zuwa kasuwa?

Ƙanina yana zaune a Mariri, yana da ɗan tebur a Kantin Kwari. Kwanaki muna waya na ji hayaniya da ƙarar hon, na ce, “Kai Auta, ina kake haka?” Ya ce, “Yaya, ina bakin titi tun ɗazu. Duk ɗan sahun da ya zo a cike yake, wanda ba a cike ba kuma kuɗin da yake faɗa sai ka ce Zariya zai kai ni. Tun da aka cire tallafin mai, abin da nake samu rabi a hanya yake ƙarewa.” Gari mai miliyoyin mutane, amma kusan dukkan zirga-zirgarsa a kan baburi mai ƙafa uku take. A Daidaita Sahu ya shigo ne zamanin Malam Ibrahim Shekarau, musamman don mata su samu abin hawa na mutunci. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, sai ya gaje gari baki ɗaya. Ba na zagin 'yan sahu, dubban gidaje da su suke cin abinci, kuma ba don su ba da Kano ta tsaya cak. Amma abin da aka kawo don cike gurbi shi ya zama ginshiƙi.

Legas fa? Kada mu manta ita ma an taɓa yi mata abin da aka yi wa Leeds. Gwamnanta Lateef Jakande ya ɗauko aikin jirgin cikin gari a 1983, gwamnatin soja ta Janar Buhari ta soke shi a 1985. Zamanin Obasanjo kuma an riƙe mata kuɗin ƙananan hukumomi saboda sababbin da ta ƙirƙira. Ba ta zauna kuka kawai ba. A 2002 ta kafa hukumar sufurin birni, LAMATA, da tallafin Bankin Duniya, aka zuba ƙwararru aka bar su su yi aiki. A 2008 aka fara manyan bas-bas masu layinsu na kansu a titi. Layin dogo mai launin shuɗi ya ci shekara fiye da goma, an yi ta yi masa dariya, ya wuce hannun gwamnoni uku, amma a Satumban 2023 ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2. A 2024 jan layin ya biyo baya, daga Agbado zuwa Oyingbo. Ba na cewa Legas ta warke, wanda ya taɓa kwana a cunkoson gadar Third Mainland ba zai faɗi haka ba. Kuma gaskiya ne tana da kuɗin shiga da babu jihar da ta kama ƙafarta, sannan gidan siyasa ɗaya ke mulkinta tun 1999. Amma hukumar ta rayu, taswirar da aka zana ba a yage ta ba duk lokacin da aka rantsar da sabon gwamna.

Mu kuwa gada muka iya. Ƙofar Nassarawa, Gadar Lado, Dangi, Sabon Gari, Hotoro, ga na Tal'udu da Ɗan Agundi sun biyo baya. Ina jin daɗin ganinsu a hoto, ina turawa abokaina, ban ɓoye ba. Sai dai gada mai mota take yi wa hidima, kuma mutum nawa ne a Kano ke da mota? Ta ɗauke cunkoso daga wannan shataletale ta sauke shi a na gaba. An yi ta maganar jirgin cikin gari zamanin Ganduje, har da batun yarjejeniya da kamfanin Sin, muka ga zane mai kyau, sai shiru ya biyo baya. KAROTA aikinta kula da dokar hanya ne, ba tsara yadda mutum zai tashi daga Gaida ya isa Dawanau cikin sauƙi ba. Kowace gwamnati kuma idan ta zo, aikin wadda ta gada kamar ɗan kishiya yake a wurinta. Kano ɗin da muke gani yau ta daɗe da fin ƙarfin ganuwa, ta mamaye ƙananan hukumomi takwas, tana cin gonakin Kumbotso da Ungogo, tana leƙa Gezawa da Dawakin Kudu, amma ban taɓa jin teburin da aka zauna a kai aka ce ga yadda za a riƙa kwasar mutanen nan shekara ashirin masu zuwa ba.

Akwai haƙƙinmu a wurin gwamnatin tarayya, kuma a ci gaba da nema da babbar murya. An buɗe jirgin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021. Na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi duk a 2021 aka aza harsashinsu, ya kamata 'yan majalisarmu su riƙa tambayar inda aka kwana kowane wata, ba sai lokacin zaɓe ba. Garin da jirgi ya iso tun 1911, ya kwashi gyaɗar da ta riƙe tattalin arzikin ƙasar nan, bai cancanci ya zama na ƙarshe a layi ba. Amma waɗannan jirage ne na tsakanin gari da gari. Ba za su kai Auta Kwari ba. Kuma tun Maris ɗin 2023, da aka gyara kundin tsarin mulki, jiha tana da ikon shimfiɗa layin dogonta, don haka uzurin cewa Abuja ce ta hana ya ragu sosai.

Abin da nake so in gani ba shi da ƙyalli. Majalisar jiha ta kafa hukumar sufurin birni da doka, mai kuɗin shigarta, wadda sabon gwamna ba zai iya rushewa da sanarwa ɗaya ba. A ware layi ɗaya na manyan bas-bas a titin Zariya, da titin Katsina, da titin Maiduguri, a kare shi da gaske. A zauna da ƙungiyoyin 'yan sahu tun daga farko, su zama masu kwaso mutane daga lungu zuwa tasha, wasunsu su zama direbobi da masu hannun jari, don duk shirin da ya zo da niyyar korar su ba zai kai labari ba. Sannan a waiwayi tsohon layin dogo. Manchester da tsofaffin layukan Bury da Altrincham ta fara tiram ɗinta, jan layin Legas ma hanyar jirgin tarayya ya bi. Namu yana nan kwance, ya taso ta Chalawa, ya ratsa tsakiyar gari dab da kasuwanni, ya fita ta Jogana ya nufi Nguru. Zuwana gida na ƙarshe na tsaya a gefensa da yamma, masu gwanjo sun baza kaya a kan ƙarfen, awaki suna kiwo a tsakani, ga titi a gefe ya cushe da 'yan sahu, mutane jingim suna ɗaga hannu ba mai tsayawa.