Iyalan da muke rakawa Turai, wa ke tayawa su riƙe gida a can?

A 'yan shekarun nan da wuya ka shiga unguwa a Kaduna, ko Unguwar Rimi ce ko Malali ko Tudun Wada, ba ka ji an ce wane ya kwashe iyalinsa ya tafi ba. Wani likita ne da ya yi karatu a Zariya ya ci jarrabawar Ingila, wata ma'aikaciyar jinya ce, wani malamin jami'a ne da ya samu gurbin digiri na uku, wani kuma aikin kwamfuta ne ya kai shi Kanada. A yi walima, a yi addu'a, a raka su tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, sannan a dawo gida a zauna ana lissafin canji. Ni ban ga laifin wanda ya tafi ba. Duk wanda ya ga yadda albashi ya koma tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki darajar naira a 2023, ba zai tare mai tafiya da wa'azin kishin ƙasa ba. Damuwata a wani wuri take. Muna haɗa musu fasfo da biza da rigar sanyi, mu ɗaure musu kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a leda, amma ba mai zaunar da su ya tambaye su yadda za su yi da zaman gida. Kuma a abin da na gani, zaman gidan ne ke fara tsagewa, tun kafin aiki ko sanyi su gajiyar da mutum.

Mu duba gidan da suka baro. Ko ma'auratan da suke ganin su kaɗai suke zaune a haya a Unguwar Dosa, ba su kaɗai ba ne. Akwai ƙanwar miji da ke zuwa hutu, akwai maƙwabciya da za a miƙa wa yaro ta katanga a tafi asibiti, akwai mai Keke Napep da aka saba da shi yana kai yara Islamiyya, akwai gwaggo da za ta zo ta yi mako idan an yi rashin lafiya. In an samu saɓani, kafin magana ta yi nisa wani kawu ya ji, ya kira miji gefe, wata inna ta ja matar ɗaki. Duk wannan ba ma ƙirga shi saboda ba a biya. Ranar da jirgi ya sauka a Landan ko Toronto, ranar hannayen nan suke ɓacewa gaba ɗaya, a bar mutum biyu da aikin da mutum goma suke yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mun sani, amma sai mu tura su mu ce ai sun huta.

Ba yau Bahaushe ya fara barin gida ba. Kakanninmu fatake sun bi hanyar Gwanja neman goro, suka zauna a Salaga da Kumasi, jikokinsu suna nan a Nima da Sabon Zango a Akara. Waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 su ne suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan. Amma ku lura da yadda suka tafi. Ayari suke yi, in sun sauka su kafa zango, a yi sarkin zango da limami, a samu mai masauki da ke karɓar baƙo ya ci da shi har ya tsaya da ƙafarsa, a samu tsofaffin mata masu karɓar haihuwa. Da jama'arsu suke tafiya. Tafiyar yau biza ce ke zaɓen wanda zai shiga jirgi, kamar a Birtaniya: miji, mata, da 'ya'yan da ba su kai shekara 18 ba. Kaka ba ta ciki, ƙanwa ba ta ciki.

Na ga abin da hakan ke nufi da idona, ko da yake ta waya na gani. Ƙanwata ta haihu a wani gari a arewacin Ingila cikin watan Disamba, haihuwar fari. Da a nan take, da tun cikin ya tsufa an dawo da ita gida, a dafa mata ruwa safe da yamma da ganyen darbejiya, a dama kunu, a gasa nama da yaji, ba za ta ɗaga ko tsinke ba har ta yi arba'in. A can washegarin haihuwa aka sallame ta. Mijinta ya yi hutun mako biyu da ake ba uba, ya koma aikin dare. Bizar Hajiyarmu ba ta fito a kan lokaci ba. Sai ya zama kullum ta jingina waya a jikin butar shayi, ta ɗora baho a kan teburin kicin, Hajiya daga tsakar gidanmu tana cewa, "Tallafe masa wuya. A'a, ba haka ba, sa tafin hannunki a ƙeyarsa. Taɓa ruwan da gwiwar hannu tukuna." Yaro yana tsala kuka, ita kuma tana share hawaye da kafaɗa don hannayen duka a jiƙe suke. Ranar suna a nan muka yanka rago, gida ya cika da mata, ana ta rabon tuwo da waina, mai jegon tana kallonmu ita da jariri su biyu a ɗaki, ƙarfe huɗun yamma duhu ya riga ya rufe musu taga. Abin da ta iya ce mini shi ne, "Yaya, ɗan juya wayar in ga su Gwaggo."

Ba kanwa ko ruwan zafi nake wa kuka ba. Likitocin Zariya tun shekarun 1970 suka nuna cewa yawan kunun kanwa da gashin da ya wuce kima suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama wasu masu jego, kuma gara a rage. Abin da ke cikin jego wanda ba shi da madadi shi ne kwana arba'in ana kewaye da mace, ana ciyar da ita, ana karɓar mata jariri ta yi barci, ana lura da fuskarta. Hukumar lafiya ta Birtaniya da kanta ta ce fiye da mace 1 cikin 10 na fama da ciwon damuwa a shekarar farko bayan haihuwa. To ina ga yarinyar da ta tashi a gidan yawa, aka kai ta bene hawa na uku, ba ta san kowa a layin ba, ba ta jin kiran salla, azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin kimanin awa huɗu a lokacin hunturu? In ta ce ta gaji, sai a ce mata ta gode wa Allah, mata nawa ke neman wannan dama. Wallahi wannan amsar zalunci ce, ko da da kyakkyawar niyya aka faɗe ta.

Maza, a nan maganar ta fi shafarku. A Kaduna namiji yana iya sauke cefane ya wuce majalisa har bayan isha, gida bai rushe ba, domin akwai masu cike gurbinsa. A can babu majalisar, babu masu cike gurbin. Wanda ya tafi da tunanin cewa wanke kwano ko canja wa jariri ƙunzugu zubar da girma ne, to matarsa zai bari ta karye a gabansa. Kuma ba sai mun aro hujja daga Turawa ba. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, da aka tambaye ta abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Mun haddace wannan tun a Islamiyya. A can ne ake gane wanda ya ɗauke shi da gaske.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa wa amare ba. Wadda ta bi miji a kan bizarsa ta aiki ko karatu, izinin zamanta a ɗaure yake da nasa. In aikinsa ya tafi, nata zaman ma ya shiga rawa, in auren ya mutu, haka nan. Namiji mai tsoron Allah zai ga wannan amana ce ta ƙaru a wuyansa. Wanda ba shi da shi zai mayar da ita sanda, ya riƙe fasfo, ya hana ta koyon hanya, ya hana ta sanin kowa, don ya san babu gidan iyaye da za ta yi yaji ta tafi. Wani lokacin kuma abin juyawa yake: matar ce ma'aikaciyar jinya mai biza, mijin da yake da ofis da direba a nan shi ne mai bi, yana aikin ɗaukar kaya a sito ko yana zaune da yara. Na san gidajen da wannan ya girgiza, ba don wani mugu ne a cikinsu ba, sai don ba a taɓa zama an yi maganar ba kafin a tashi: albashin wa zai biya haya, nawa za a aika gidan su miji, nawa gidan su mata.

Dokokin ma ba tsaye suke wuri ɗaya ba. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai, har da masu digiri na biyu na kwas, tafiya da iyali, daga Maris na shekarar kuma ta hana masu aikin kula da tsofaffi. Kuɗin lafiya da ake biya tare da biza ya koma fam 1,035 a shekara a kan kowane babba, 776 a kan yaro ko ɗalibi, in ban da ma'aikatan lafiya da aka yafe wa. Yawancin bizar aiki da karatu ba ta ba mutum damar karɓar tallafin gwamnati. Yaron da aka haifa a Birtaniya ba ya zama ɗan ƙasa don haihuwar kawai, an daina wannan tun 1983. Kaka kuwa in ta samu bizar ziyara, wata shida ne iyakarta. Sakamakon duk wannan muna ganinsa a nan cikin gari: matan da aka bari a ɗakin surukai da yara, shekara tana bin shekara ana cewa takardu sun kusa.

Sai yara. Su ne suke fara sajewa, cikin 'yan watanni harshensu ya juye. Babu laifi yaro ya iya Turanci, amma ranar da kakarsa ta ce masa "Maigidana, ka ci abinci?" ya juya yana kallon uwarsa ta fassara, an yanke wani abu da kuɗi ba ya ɗinkewa. Hausa a can ba ta da titi, ba ta da kasuwa, ba ta da filin ƙwallo. In ba a yi ta a ɗaki ba, babu inda za a yi ta. Iyayen da na ga sun yi nasara, doka suka kafa tun ranar farko cewa a cikin gida Hausa ake yi, kuma suka jure ko da yaro yana amsawa da Turanci. Haka tarbiyya. A Sikotland an haramta dukan yaro kwata-kwata tun 2020, a Wels tun 2022, a sauran wurare ma malamin makaranta da ya ga tabo a jikin yaro wajibinsa ne ya kai rahoto. Uban da bulala kaɗai ya sani zai tsinci kansa ba shi da abin riƙe ɗansa. Dole ya koyi zama da yaro, da bayani, da hana shi abin da yake so in ya yi laifi, kuma wannan lokaci yake ci, lokacin da aikin dare ya riga ya cinye.

Mu da muke gida, namu laifin ba ƙarami ba ne. Da wayarsu ta shigo, kafin a gama gaisuwa an kawo maganar kuɗin makaranta, da gudummawar biki, da rufin ɗaki da iska ta yaye. Muna buga fam da naira a ka mu ga miliyoyi, ba ma buga hayar da ke cinye kaso mafi tsoka na albashi, da kuɗin ɗumama ɗaki, da harajin ƙaramar hukuma, da kuɗin gidan raino da ke sa mace ta ga gara ta ajiye aikin. Su kuma kunya ba ta barinsu su ce babu. Sai miji ya ƙara awannin aiki don ya fita kunyar dangi, awannin da daga bakin matarsa da 'ya'yansa aka cire su. Taimakon iyaye wajibi ne, ban ce a daina ba. Amma ɗan'uwan da ke da lafiya da sana'a a Kasuwar Barci ya ji tsoron Allah ya rage buga waya. In za ka kira, wani lokacin ka kira don ka ji lafiyarsu kawai. Ki kira matar ƙaninki ranar da kika san yana aikin dare, ki bar ta ta yi magana, kada ki kai wa kowa abin da ta faɗa.

Waɗanda suka riga suka zauna a can, a Manchesta ko Bamingam ko Kalgari, ku ne zangon yanzu, ko kun so ko ba ku so ba. Taron Sallah da hotuna ba su isa ba. In sabuwar amarya ta sauka, wata ta je ta ɗauke ta ta nuna mata motar haya, da shagon naman halal, da masallacin da ke da wurin mata, da yadda ake rajista da likita. In wata ta haihu, a raba kwanaki, kowa ta kai tukunya ranarta har a yi arba'in.

Iyaye kuma, in mai neman 'yarku ya ce a waje yake zaune, kada "waje" ta rufe muku baki. Ku tambaye shi wace irin biza yake da ita, yaushe za ta ƙare, kuma tana ba shi damar ɗaukar mata ko a'a. Ku tambayi ɗaki nawa ne gidan, shi kaɗai ne ko da wasu. Ku nemi lambar wani dattijo ko wata dattijuwa a garin da za ku iya kira ba ta hannunsa ba. Ku ji ko zai bar ta ta yi karatu ko aiki, fasfonta a hannun wa zai zauna, kuma in ta haihu wa zai zo, wa zai biya kuɗin jirgin. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, a dakata da sa rana har sai ya amsa su.