Ziyarar IVLP ba a cika mata fom

A wata fada ta unguwar Zango, muna jiran shayi ya nuna, wani matashi ya miƙo mini wayarsa. An turo masa saƙo a WhatsApp: wai in ya biya jikka goma za a saka sunansa cikin masu zuwa Amurka a shirin IVLP, wato shirin gwamnatin Amurka na gayyato baƙi daga ƙasashen waje su yi gajeriyar ziyara. Har ya fara tunanin sayar da babur ɗinsa.

Na ce masa ya riƙe kuɗinsa. Shirin nan ba a nemansa, ba shi da fom, ba kuma cacar biza ba ne. Ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka, irin na Yamai, su ke zaɓo mutum da kansu, galibi wanda suka ga tauraronsa na tasowa: ɗan jarida, malamin addini, ƴar ƙungiyar mata, ma'aikacin gwamnati. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ke biyan jirgi da masauki. Kamar mako 3 ake yi, a zaga Washington da wasu garuruwa, a gana da abokan sana'a, wani lokaci a ci abinci a gidajen Amurkawa, sannan kowa ya koma ƙasarsa.

Wasu kuma na ɗaukarsa sadaka. A'a, jari ne. Tushensa ya faro tun 1940, kuma Margaret Thatcher ta je a 1967, shekara 12 kafin ta zama firayim ministar Birtaniya. Amurka na son wanda zai riƙe madafun iko gobe ya zama ya santa tun yau, ya kuma san lambar wa zai kira.

Matashin dai ya goge saƙon, ya ce a zuba masa na biyu.