Falsafar siyasa ba baƙuwa ba ce a Kano

A Kano in ka ce ɗanka na karanta falsafar siyasa a jami'a, wasu sai su ɗauka ilimin Turawa ne mai raba yaro da addininsa. Ba haka abin yake ba. Fannin yana tambaya ne: wa ya cancanci mulki, mene ne adalci, yaushe biyayya ga shugaba ke faɗuwa? Ai tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ake wannan magana a birnin nan, lokacin da Shehu Magili ya rubuta masa littafi kan wajiban sarakuna. Abdullahi ɗan Fodiyo ma a Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam, littafinsa kan yadda ake tafiyar da mulki. Tabbas Imam Gazali ya soki masana falsafa, amma galibi kan sha'anin Allahntaka ne. Shi kansa ya yi rubutu kan manɗiƙi, wato reshen falsafa mai koyar da ƙa'idojin tunani da kafa hujja.