Kada gajen haƙurinmu ya raba tsofaffi da maganin asma

Hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe Maradi, kuma duk gidan da ke da tsoho mai asma ya san abin da ke tafe daga Nuwamba har Fabrairu: tarin dare, kukan ƙirji, Baba zaune a bakin gado ya dafa gwiwa yana neman numfashi. Abin da ke ci mini rai shi ne maganar da nake yawan ji a bakin 'ya'ya: "Wata guda yana shaƙa ba mu ga canji ba, a bar shi kawai." Jama'a, a nan ake cutar da iyayenmu.

Maganin shaƙa iri biyu ne. Akwai shuɗin, salbutamol, wanda muka fi sani da Ventoline. Cikin 'yan mintuna yake buɗe hanyoyin iska. Akwai kuma na kullum, irin su beclometasone, mai rage kumburin da ke cikin hanyoyin, shi kuwa sai an yi makonni ana shaƙa safe da yamma kafin a ga cikakken amfaninsa. To tsoho ya shaƙi na kullum bai ji komai ba, sai ya jefa shi ƙarƙashin matashi ya rungumi shuɗin. Kumburi yana nan daram, shi ya sa ciwo ke dawowa kowane dare. Masu cewa wai in an fara shaƙa an kamu ke nan, su ji tsoron Allah. Maganin ba ya kama mutum, asmar ce ba ta barinsa.

Ku zauna kusa da Inna ku kalli yadda take shaƙa. Hannu yana rawa, ta danna kafin ta ja numfashi, sai ka ga farin hayaƙin ya fito ta gefen baki ya bi iska. Kuɗi sun tafi, huhu bai samu komai ba, mu kuma muna zagin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce robar ruwa ta rabin lita, in aka huda gindinta aka soka abin shaƙar, tana taimakawa magani ya isa huhu. Ku roƙi ma'aikacin lafiya ya gwada muku, kuma ta riƙa kuskure baki bayan na kullum.

Sai ƙwayoyin tebur. Dexamethasone tana sa tsoho ya miƙe kwana biyu har a yi ta shi wa mai talla albarka, amma in aka daɗe ana sha tana tayar da suga da hawan jini, tana cinye ƙashi. Aspirin da diclofenac da ake ba su don ciwon gwiwa suna tayar wa wasu asma, haka ma propranolol da atenolol na hawan jini. Ranar zuwa likita ku tattara duk abin da yake sha a leda guda a gani.

Ɗakin ma mu duba. Mun kunna gawayi saboda sanyi, ga turaren wuta, ga maganin sauro na ƙonawa, mun rufe taga, sannan mu ce ciwo ya ƙi ji. Ranar sussukar gero ko share tsakar gida, a janye tsofaffin nesa.

Ni a ganina sauƙin tsoho ba a auna shi da daina tari gaba ɗaya. Dare nawa ya kwana bai farka ba? Ya kai masallacin unguwa bai tsaya hutawa ba? Shuɗin ya fi daɗewa kafin ya ƙare? In an yi wata uku ana shaƙa daidai babu ko ɗaya, a koma a nemi awon tarin tibi da na zuciya, don a shekarun nan ba kowane haki ba ne asma. In kuwa ya kasa haɗa magana, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko shuɗin ya daina aiki, kada a jira asuba, a nemi abin hawa a kai shi asibiti a daren.