Wankin ƙoda ta ciki: fara da kaɗan ba rowa ba ce

Mutane da yawa idan likita ya ce wa mara lafiyarsu ya fara wankin ƙoda ta ciki (wato wanda ake zuba ruwa a cikin mutum ta bututu, daga baya a fitar da shi tare da datti) sau ɗaya ko sau biyu a rana, sai hankalinsu ya tashi. Sun ji cewa cikakken wanki sau 4 ne, kowane da ruwa kusan lita 2, don haka suke ganin an rage masa magani, ko an fid da rai da shi.

Sam, ba haka abin yake ba. Ƙodar da ta gaza ba ta daina aiki dare ɗaya. Mutum yakan fara wanki alhali yana fitsari, ƙodarsa na fitar da ɗan ruwa da datti da kanta. Abin da ta kasa shi wankin ke cikawa. Kuma ruwan da ake zubawa ta bututun cikin yana ɗauke da sukari, wanda yau da gobe yake gajiyar da tantanin cikin mutum da ke tace jinin. Rage yawansa da farko tanadi ne ga wannan tantani, ga kuma sauƙin rayuwa.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma ina roƙon a riƙe shi da kyau. Dole a riƙa tara fitsarin awa 24 ana aunawa, ana gwada jini. Da zarar fitsari ya ragu, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi nauyi ko abinci ya fita rai, a koma wurin likita a ƙara wankin. Magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac kuma a guje musu, domin suna iya ƙarasa ragowar ƙarfin ƙodar.